Lambar Yabo da Ƙofar Baya

Yamai, 9 ga Oktoba, 1984

Ƙanwata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Filibus da yara duka. Mu nan lafiya lau. Matata Batula ce dai ta yi mako biyu tana fama da haƙori, aka cire shi, yanzu da gefe guda take cin tuwo, amma bakin bai fasa magana ba.

Wani direban kamyon kaya ɗan Tsibiri ya gaya mini geron Inna bana ko kai bai fitar ba, ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe. Na ba shi sukari da sabulu da ɗan garin rogo ya kai mata. Don Allah in kin je majami'a ran Lahadi ki leƙa rumbunta da idonki. Kin san gwaggonki, ko da yunwa ta kwana cewa za ta yi ta ƙoshi.

To, akwai wata magana da ba ta wasiƙa ba ce, amma na kasa haɗiye ta. Kin san aikina buga takardu ne a buro, ofishin gwamnati, abin da aka miƙo mini shi nake bugawa. Ran Alhamis na buga wata mai hatimi, na ga sunanki a ciki, da sunan ɗakin da kike aiki a asibiti. Ba zan ƙara ko kalma ba, don wasiƙu yanzu ba mu kaɗai ke karanta su ba. Ki dai shirya. Kafin ƙarshen Disamba za a kira ki. Daga nan zuwa lokacin ki kama bakinki, na san halinki tun muna yara.

Yayanki kuma taubashinki,
Ezra

Sabon Gari, Maraɗi, 21 ga Oktoba, 1984

Yaya Ezra,

Wasiƙarka ta iso, na gode. Muna lafiya. Ka yi wa Batula sannu, ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Na je Tsibiri ran Lahadi, Gwaggo Abigail na nan da ƙarfinta, kayan sun same ta. Na leƙa rumbun kamar yadda ka ce, ƙasansa na gani. Na ce ta taho wurinmu, ta ce ba ta barin awakinta, biyu suka rage mata. Filibus zai riƙa kai mata abin da ya samu.

Takardar da ka gani na san ta, na daɗe ina jiranta. Kora ce ko canjin wuri. Bari in gaya maka laifina da bakina, kar ka ji shi wurin wani.

Tun watan Agusta mutanen arewa ke gangarowa daga wajen Dakwaro da Tanut, shanunsu sun ƙare. Sojoji suka tsugunar da su a wani zango bayan gari, aka ce kar su shigo. Aka sa mai gadi a ƙofar asibiti, wanda ba shi da takardar zango ba ya wucewa. Ka gaya mini, uwar da ɗanta ke mutuwa a bayanta ina za ta tsaya neman takarda? Ka san ni ce majo, wato babbar nas, ta ɗakin yara, gadaje ashirin da huɗu ke hannuna. Akwai wata ƙofa ta baya inda ake fitar da shara, makullinta na wurin Gado, tsohon da ke share mana ɗaki. Na ce masa, "Baba Gado, tsufa ya kama ka, ka fara mantawa da rufe ƙofa." Ya dube ni ya ce, "Wallahi Majo, ni ma na lura." Tun ran nan ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Yanzu yara uku-uku ke kan gado, sauran a tabarma.

Ta ƙofar nan wata mata ta shigo, Tsahara, da ƴaƴa biyu. Cikin mako guda muka rasa su duka. Na zaci za ta tafi. Kashegari na tarar ta haɗa murhu gindin itacen bedi, ta ce, "Ki samo mini tukunya. Yaran nan ba allura suke nema ba." Ni ce mai difloma, ita ko baƙi ba ta sani ba, amma ita ta faɗi ciwon. Matan majami'a da matan kasuwar Sabon Gari suka riƙa kawo tsaba da ƙuli-ƙuli. Sau huɗu take dama kunu a yini, ta zauna da cokali gaban yaron da ya manta yadda ake haɗiya, ba ta tashi sai ya tuna.

Darektan asibiti ya kira ni sau biyu. Na farko kan ƙofa. Na biyu ya ce in daina rubuta "yunwa" a littafin waɗanda suka mutu, in riƙa sa "zazzaɓi", wai a sama ba a son kalmar. Na ce masa hannuna bai iya ba.

Tunda ka ce sunana ya riga ya hau takarda, me kuma zan kama baki in tsare? Ran Juma'a na rubuta wa Kwamanda, sojan da ke mulkin Maraɗi, wasiƙa shafi uku. Na gaya masa abin da ke zango da abin da ke ɗakina, har maganar littafi. Na sa hannu da cikakken sunana, na kai da kaina. Sojan da ya karɓa a ƙofa sau biyu yana tambayata ko na tabbata. In za su kore ni, su kore ni kan abin da na faɗa, ba abin da aka faɗa a kaina ba.

Na gode da ka sanar da ni da wuri. Ba don kai ba, da har yanzu ina nan ina lallaɓawa.

Ƙanwarka,
Rifkatu

Yamai, 2 ga Nuwamba, 1984

Rifkatu,

Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Me kika yi haka? Wa ya ce miki kora? Lambar yabo ce! Kin manta kowace shekara ana zaɓen ma'aikatan asibiti da suka fi ƙwazo, a karrama su ƙarshen Disamba? Bana a wajenku ɗakin yara aka zaɓa, kuma ke ce a saman jeri. Wata likita da ta zo muku rangadi a watan Yuli ita ta kawo sunanki. Da na ce ki shirya, zane nake nufi ki ɗinka. Da na ce ki kama baki, don kar wani ya sami dalilin goge ki ne. Na zauna na tuno abin da na rubuta kalma-kalma, na ga inda kika ɗauko taki fassarar. Laifina ne, amma ke ma kin yi sauri.

Ki saurare ni. Wannan ba zamanin farar hula ba ne. Mutumin da teburinsa ke kusa da nawa, Maman Lawali, ya tambayi wani babba ina aka kai buhunan da suka zo da sunan wani gari. Tambaya kawai ya yi. Yau wata biyar ke nan matarsa ke kai masa abinci ƙofar jandarma, inda yake tsare. Kuma ki tuna ko mu su wane ne. Ƴan kaɗan ne mu a Tsibiri. In aka ce majo Kirista ta ɗaga wa hukuma murya, ba ke kaɗai za a duba ba, har Filibus da aikinsa na makarantar lakwal, har ni da ke nan.

Ki je wurin darekta ki ce gajiya ce ta sa ki. Ki roƙe shi ya karɓo wasiƙar in ba a buɗe ta ba. Ki bar ƙofar nan ta rufu ko da na wata biyu ne, in kin karɓi lambar sai ki yi magana daga sama, lokacin za a ji ki.

Ki amsa mini da mato na farko.

Ezra

Yamai, 25 ga Nuwamba, 1984

Rifkatu,

Ina gaishe ku. Mu lafiyarmu lau in ban da tunaninki. Mako uku ke nan ba amsa. Jiya na haɗu da direban nan a tasha, ya ce ya ga matocin soja biyu a ƙofar asibitinku, an fito da wata ma'aikaciya mai farar riga an sa ta a ɗaya. Bai san sunanta ba. Batula tun jiya ba ta ci abinci ba. Ban aika wa Inna ba, ban san me zan ce mata ba.

Filibus, in kai ka buɗe wannan, ka rubuto mini layi ɗaya. Rifkatu, in ke ce, kuma fushi kike da ni, ki yi fushin a takarda in gani.

Ezra

Sabon Gari, Maraɗi, 4 ga Disamba, 1984

Yaya Ezra,

Ina raye, ina gidana, ka ce wa Batula ta ci abinci. Filibus da yara lafiya, Gwaggo ma. Ƙyanda ce ta faɗa wa zango, daga nan ta faɗo mana ɗaki. Wasiƙunka biyu sun kwana cikin aljihun rigata har sun yi laushi kafin in sami zaman amsa su.

Lambar yabo! Na karanta a tsaye bakin famfo, na yi dariya har Saudatu, ƙaramar nas ɗin da muke tare, ta zo tana tambaya ko lafiya. Haba taubashi. Shekara goma sha biyar kana buga maganar manya, ka kasa buga taka yadda za a gane.

Matar da direbanka ya gani ni ce. Kwamanda ya zo da kansa da hantsi, ba sanarwa. Ya tsaya ƙofar ɗaki ya ce, "Wace ce mai rubutu?" Na ce ni ce. Ya tsallake tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe littafin ya daɗe a kansa, darekta na bayansa yana ta bayanin da ba a tambaye shi ba. Ya fita gindin bedi ya ɗaga murfin tukunya, ya ce da Tsahara, "Wa ya ɗauke ki aiki nan?" Ta ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Da ƴaƴa biyu na shigo, na rasa yadda zan fita babu su." Ya juyo wurina. Ya ce in shiga mato. Na ce a raina to, shi ke nan. Ashe zango ya kai ni, ya ce in nuna masa abin da na rubuta. Na nuna masa bukka-bukka, ban tsallake ko ɗaya ba.

Bayan kwana uku kamyo ya sauke mana jar dawa da madarar gari. Ran nan kuma aka sa wa ƙofar baya sabon kwado, makullin na aljihun darekta. Ka ga yadda suke, sun ba da abinci, sun hana masu ci shigowa. Yanzu Baba Gado ta ƙofar gaba yake fita da baron shara, ya tura shi har zango, ya dawo da yaro ko biyu a ciki ya lulluɓe da buhu, uwar na biye daga nesa kamar mai zuwa dubiya. Mai gadin ya sani. Duk lokacin da baron zai wuce sai ya ga wani abu a sama da ke bukatar kallo.

Lambar ba a janye ta ba, tunda daga wurinku ta fito. Darekta ya nuna mini sunayen da za a buga a takardun yabo: shi, da likitanmu, da ni, da Saudatu, da magajin sito. Likita ya cancanta, Saudatu ma. Na ce ina Tsahara, ina Gado? Ya ce Tsahara ba ma'aikaciya ba ce, shi kuwa mai shara ba a taɓa yi ba. Magajin sito fa bai taɓa taka ɗakin ba, wai warin na tayar masa da zuciya.

Ga roƙona. Takardun ta hannunka za su bi. Ka ƙara suna biyu. Tsahara ƴar Dakwaro, da Gado mai shara. Wanda ke sa hannu ba ya karanta su duka, kai ka taɓa gaya mini haka.

Ƙofar kuwa da ka ce in bari ta rufu wata biyu, ka zo ka zaɓi yaran da za su jira.

Ƙanwarka,
Rifkatu

Yamai, 13 ga Disamba, 1984

Ƙanwata,

Godiya ga Ubangiji da kina lafiya. Batula ta ci, har ta ƙara. Mu duka lau.

Abin da kika roƙa ba zan yi ba. Na so in nemo dalili mai kyan faɗi, ban samu ba, don haka ga gaskiya: tsoro nake ji. Kowace takarda akwai harufan sunan wanda ya buga ta a ƙasa. Ran da aka gane, ba wanda zai tambayi ko wace ce Tsahara, ni za a tambaya. Ƴaƴana biyar, babbar bana take aji shida. Na buga takardun jiya, suna biyar kamar yadda aka ba ni. Naki na yi shi da kyau, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Maganar zaɓen yara da kika yi ta shige ni, ba sai kin ƙara ba. Amma ki ji wannan. Kin riga kin ci nasara: abinci ya zo, ba a taɓa ki ba. Ki tsaya nan. Ran bikin ki karɓa, ki yi godiya, ki sauko. In kin koma ɗaki ki rataya wa wanda kike so, ba mai hana ki. Kwamandan nan ya ɗauki magana a rubuce don ba wanda ya gani. Gaban jama'a wani abu ne daban.

Ki gaishe mini da Baba Gado, ko da bai san ni ba.

Ezra

Sabon Gari, Maraɗi, 30 ga Disamba, 1984

Yaya Ezra,

Barka da Kirsimeti. Mun yi shi a Tsibiri da Gwaggo, ba nama, amma an yi waƙa har murya ta dushe. Kowa lafiya. Ban yi fushi da kai ba. Na fi son wanda ya ce yana tsoro da wanda zai ce doka ce ta hana.

Jiya aka yi bikin, da safe, a filin asibiti. An kafa rumfa, an share, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, matasa ƴan ƙungiyar samariya da gangunansu. Tun shekaranjiya darekta ya sa aka ɗauke murhun Tsahara aka kai bayan banɗaki, ya ce kar uwa ko ɗaya ta fito da yaro sai manya sun tafi. Ya ba ni layi uku na Faransanci in haddace, godiya ga hukuma da godiya gare shi.

Zanen da ka ce in ɗinka na ɗinka, amma ni farar rigata na sa. Na kai wa Tsahara shi. Ta ƙi. Ta ce, "Ni me zan je yi gaban masu bindiga?" Na ce, "Ba abin da za ki yi, tsayawa kawai." Ta ce kunun fa? Na ce Saudatu ta sa wata uwa ta duba. Baba Gado bai ba ni wahala ba, tun asuba ya zo da babbar rigarsa ta Idi, har da turare.

Da aka kira sunana na tashi, na kama hannun Tsahara, Gado na haguna. Wani soja ya gitta mana hannu. Na ce, "Tare muke. In ba su wuce ba, ni ma ba na wucewa, sai ka gaya wa mai kiran suna ya kira na gaba." Ya waiga wurin Kwamanda. Ganguna suka tsaya. Kwamanda ya ɗaga yatsa, soja ya janye.

Aka rataya mini lambar, aka ba ni takardar yabon da ka buga, aka turo mini abin magana. Na matsa kusa da shi. Na yi magana da Hausa. Na ce na gode, na karɓa da sunan ɗakin yara. Na ce tun Agusta yara ɗari da goma sha bakwai muka binne daga ɗakin nan, kuma yunwa ce ta kashe mafi yawansu. A kan kalmar nan aka zare wayar abin magana. Amma shekara ashirin ina ba da waƙa a majami'a ba waya, sai na ci gaba. Na ce waɗanda suka tashi suka taka da ƙafarsu sun fi ɗari huɗu, kuma ga waɗanda suka tashe su: wannan ita ke ba su kunu, wannan shi ke ɗauko su. Na faɗi sunayensu sau biyu. Na cire lambar na rataya wa Tsahara, na miƙa wa Gado takardar.

Iyaye matan da aka kulle a ɗaki ashe duk suna bakin taga. Su suka fara guɗa. Daga nan ta kama, har matan manya da ke cikin rumfa wasu sun tafa kafin su tuna inda suke. Likitanmu ya miƙe tsaye shi kaɗai cikin masu kujeru, bai zauna ba sai da muka sauka.

Gado ya riƙe takardar a kife, da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Tsahara ta dubi abin da ke wuyanta, ta matso kunnena ta ce, "Majo, matar nan da aka bar wa kunun ba ta iya damu ba, zai yi gudaji." Ta sauka ta nufi bayan banɗaki da lambar tana lilo.

Kwamanda ya ba ni hannu kamar yadda ya ba kowa. Bai saki da wuri ba. Ya ce a hankali, "Ta farko ni na ba ki dama. Wannan ke kika ɗauka." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Filibus ya ce in haɗa kayana kawai in ajiye. Na haɗa.

Ƙanwarka,
Rifkatu

Yamai, 14 ga Janairu, 1985

Ƙanwata Rifkatu,

Barka da sabuwar shekara, Ubangiji ya ba mu damina. Muna lafiya. Na karanta wa Batula wasiƙarki, da na kai wurin taga sai ta rangaɗa guɗa a tsakar ɗaki, na tashi da gudu na rufe tamu tagar. Ta ce in ji kunya. Na ji.

Ran Litinin da ta wuce aka miƙo mini wata takarda in buga. Canjin wuri. An sauke ki daga majo, an tura ki ƙaramin ɗakin shan magani na Jiratawa, ke kaɗai. Ni na buga ta, harufan sunana ne a ƙasa. Gara ki ji daga gare ni. Na tashi na fita waje na daɗe, na dawo tana nan tana jirana, na zauna na buga.

Amma akwai hanya. Shugabanmu, Malam Ilyasu, mutumin kirki ne, ya san ke ƴar'uwata ce. Ya ce in kin rubuto kin ba da haƙuri, kin ce zafin zuciya ne, kuma adadin da kika faɗa ba ki tabbatar ba, zai kai da kansa, kafin damina a mayar da ke ɗakinki. Na rubuta miki ita da Faransanci mai kyau, ga ta cikin wannan ambulan. Sa hannu kawai za ki yi a ƙasa. Ba don ni ba. Ki tuna gadajen nan ashirin da huɗu, wa ya san hannun da za su faɗa?

Yayanki,
Ezra

Jiratawa, 10 ga Fabrairu, 1985

Yaya Ezra,

Gaisuwa daga sabon wuri. Lafiyata lau. Yara na Sabon Gari wurin babansu saboda lakwal, yana zuwa da keke ran Asabar. Gwaggo ta sayar da akuya ɗaya, ta yarda ta koma gidanmu tana duba su, ka kwantar da hankali.

Takardar canjin ta zo, na ga harufanka. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, ita ma. Kar ka ƙara damun kanka, da ba ka buga ba wani zai buga, ƙila ma ya ɓata mini suna.

Ba zan ce maka ba ciwo ba. Ran da na bar ɗakin akwai wata yarinya, Maijidda, da ta fara riƙe cokali da kanta. Kwana tara bayan tafiyata ta rasu. Ban sani ba ko da ina nan za ta tashi. Ba zan taɓa sani ba, kuma abin na tare da ni.

Gadajen da kake tambaya, hannun Saudatu suka faɗa. Darekta ya zaci yarinya ce, za ta lanƙwasu. Ta aiko mini cewa ran farko ya ba ta alƙalami ya tsaya a kanta, ta rubuta kalmar nan, "yunwa", da manyan baƙaƙe. Baba Gado na nan da baronsa. Tsahara aka hana shiga, wai ba ma'aikaciya ba ce. Kafin a kore ta ta koya wa iyaye mata uku damu, sannan ta ɗauko tukunyarta a ka ta biyo ni.

Wanda ya zaɓa mini Jiratawa bai yi tunani ba. Nan akwai ruwa a fadama, ana noman rani, kuma an kwaso mutanen zango da yawa an kawo su aikin lambu. Da ƴaƴansu suka zo. Wani manomi, Idirisa, ya ga abin da muke yi, ya bi maƙwabtansa lambu-lambu, yanzu kullum da safe sai mun tarar da kabewa da zogale da wake a ƙofa. Yara sittin ke cin tukunyar Tsahara a yini, kuma nan ba mai gadi, ba kwado, ba darekta. Littafin ma ni ke riƙe da shi.

Abin da babu shi ne takarda. Ko ta rubuta magani sai na yaga kwali. Shi ya sa za ka ga wasiƙar nan a bayan taka nake rubuta ta, wadda ka aiko in sa hannu. Faransancin ya yi kyau, Filibus ma ya yaba. Ka juya ka duba, wurin sa hannun na nan fari. Yaran ɗari da goma sha bakwai ni na rufe wa yawancinsu ido, ba zan ce ban tabbatar ba. Ka gode wa Malam Ilyasu, ka ce na ji, amsar na baya.

In kana son ka buga mini wani abu, ga shi. Ƙyanda ta fara leƙowa bukkokin lambu, ba ni da allurar rigakafi ko ɗaya. Ka rubuta roƙo da irin Faransancin nan naka, na yara ɗari uku, ka bar wuri a ƙasa. Ka aiko da direbanka na Tsibiri. Wannan takardar zan sa mata hannu tun kafin ya kashe mato.

Ƙanwarka kuma taubashiyarka,
Rifkatu